Jar Fitila a Shagon Babanku

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Kada ka karanta takardar nan a tsaye, kuma kada ka karanta ta kana sauraron wani. Nemi wuri ka zauna. Idan ka tsallake layi ɗaya zan gane daga amsarka, ka san halina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da jikokina. Yaya tarin ƙaramar? Ka gaya wa uwarta ta daina ba ta ruwan firji, na faɗa mata da bakina ba ta ji ba, ko kai za ta ji. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro.

Na zaɓi rubutu ne saboda a waya kana katse ni. Da na fara magana sai ka ce, "Mama, ba za ki gane ba." Takarda ba a katse ta. Ƙanwarka Auta za ta ɗauki hotonta ta turo maka.

Ka san da safen nan Auta ta buɗe shagon hoton babanku ta tarar da akwatin ajiyar hotuna na kwamfuta da ka kafa a ɗakin baya yana tsiwa kamar ɗan tsako. Cikin fitilu goma sha biyu na gabansa, kowane faifai da tasa, ɗaya ta koma ja. Ta kira ka, ka ce faifai ɗaya ne ya mutu, ta zare shi ta sa sabon da ka ajiye a durowa, akwatin zai cike gurbin da kansa kafin magariba. Ta yi yadda ka ce. Na je da kaina da la'asar na tsaya a gaban kwamfutar. Layin da ke nuna ci gaban aikin bai kai faɗin farcena ba. Magariba ta yi, ta wuce, layin yana nan kamar an zana shi da biro.

Bari in tuna maka abin da ke cikin akwatin nan, tunda kai da ka zuba shi ka yi nisa. Aikin babanku ne tun yana saurayi, tun kafin ya san akwai ni a duniya. Lokacin da rufin ɗakin baya ya yi yoyo, fina-finan hotunansa suka fara ruɓewa suna wari, kai ka zauna ka kwashe su ɗaya bayan ɗaya ka shigar a kwamfuta. Na yaba maka a lokacin, har yanzu ma ina yabawa. Amma kai ne kuma ka ce a zubar da ragowar fim ɗin, wai akwatin ba ya mantuwa, in faifai ɗaya ya mutu sauran za su tuna abin da ke kansa. Muka yarda, muka zubar.

Ka san kuma an sa wa babanku ranar aikin ido. Yanar ta rufe duka biyun, yanzu da murya yake gane mutane. Likita ta ce jininsa ya hau, kada a tayar masa da hankali ko kaɗan, in ba haka ba za ta ɗaga aikin. Jiya ina shafa masa mai a ƙafa ya ce da ni, "Uwargida, kada ki ji haushi, in an buɗe mini idon nan ba ke zan fara kallo ba. Ke na haddace ki. Inna nake son gani." Na ce masa ai ni ma ban shirya yi masa kwalliya ba. Ya yi ta dariya har da tari.

Hoton kakarka ɗaya ne tak a duniya, shi ya ɗauke ta da hannunsa. Wanda ke jikin bango ruwan nan ya cinye. Abin da ya rage yana cikin akwatinka mai tsiwa.

Saboda haka ka rubuto mini, da Hausar da na koya maka, ba da yaren ofishinku ba: me ya sa abin da ka ce na yini ɗaya ne ya ƙi tafiya, kuma me zai faru idan bai ƙare ba? Kada ka lallashe ni. Na haife ka, ba ka isa ka ɓoye mini tsoro ba.

Ka gaishe da mutanen gidan. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.


Zuwa ga ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kuma ƙaramar ta samu sauƙi. Babanku yana gaishe ka, yana cin abinci sosai, jinin ma ya fara sauka.

Amsarka ta zo, Auta ta karanta mini, ni ma na sa tabarau na sake karantawa. Wannan karon ka yi magana kamar ɗan mutane, na gode. Bari in maimaita maka abin da na fahimta, in na kauce ka gyara mini.

Ka ce babu wani faifai a ciki da ke riƙe da kwafin ɗan'uwansa. Abin da ake ajiyewa kamar jimillar lissafi ne. Wannan na gane shi, don na yi lissafi a sakandare kuma ban faɗi ba. In an ba ka jimilla, aka ba ka duk lambobin in ban da ɗaya, za ka iya fitar da wadda ta ɓata. In biyu suka ɓata, sai ka ajiye biro. To akwatin yanzu lissafin nan yake yi, gutsure bayan gutsure, kuma kafin ya rubuta gutsure ɗaya a kan sabon faifan sai ya tambayi duk sauran goma sha ɗayan, ya jira har mai nawar cikinsu ya amsa. Haka zai bi su daga farko har ƙarshe, ba ya tsallake ko'ina.

Ka ce alkawarin magariba da ka yi wa Auta, tsohon lokaci ka tuna, lokacin da faya-fayan huɗu ne kuma ƙanana. A lokacin uku kawai ake tambaya, kuma tafiyar gajera ce. Daga baya ka yi ta ƙari, duk zuwanka gida ka zo da biyu, sannan ka musanya ƙananan da manya. Ƙwaƙwalwar akwatin kuwa tana nan yadda take, wadda aka yi don huɗu. Ka tara mata baki goma sha ɗaya tana saurare, kowanne da dogon labari.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne na ƙarshe, wanda ka rubuta a ƙasa da ƙananan kalmomi kamar ba ka so in gani. Ka ce sauran ma sun tsufa, da yawansu sa'o'in wanda ya mutu ne, kuma ba a taɓa sa su aiki mai wahala irin na yanzu ba. Duk tsawon lokacin da gyaran zai ɗauka, ba mu da kariya. In wani ya bi ɗan'uwansa kafin layin ya kai ƙarshe, komai ya tafi.

Na tambayi Auta me ya hana ka raba su gida uku, huɗu-huɗu. Ta ce kowane gida sai an ware masa wurin faifai guda don wannan jimillar, kai kuma ka fi son wurin ya tafi ga hotuna. Wato ka gina gida mai ɗaki goma sha biyu ka ɗauki mai gadi ɗaya. Tun kana ƙarami haka kake, Injiniya. In na aike ka ɗauko kwanuka daga bayan gida sai ka jera su duka har haɓarka don kada ka yi sawu biyu. Ba lalaci ba ne, na sani, son a ce ka iya ne. Amma a wancan lokacin kwano ne ke faɗuwa.

Yanzu maganar rigimarku. Na ji ku a waya, duk layin ma sun ji. Kai kana cewa kada a taɓa akwatin, a bar shi ya yi aikinsa, duk abin da aka buɗe yana rage masa sauri. Ita tana cewa tana da ƙaramin faifanta na hannu, gara a kwashe abin da za a iya tun ana iyawa. Ka kira ta mai kunnen ƙashi, ta ce maka injiniyan waya, mai gyara daga nesa. Ban ji daɗin ko ɗaya ba. Ku biyu kuna da gaskiya, shi ya sa abin ya yi nauyi.

Na ce mata ta ciro hoton Inna kawai, ai guda ɗaya ne. Sai ta nuna mini abin da ban sani ba. Babanku bai taɓa jera fina-finansa da shekara ko da suna ba. Da labulen baya yake jera su: kwalin shuɗin labule, kwalin mai zanen matakala, kwalin mai furanni, kwalin farin bango. In mutum ya zo neman tsohon hoto, tambaya ɗaya yake yi masa, wane labule ne a bayanka? Kai da ka zo kwashewa ruwa ya riga ya hargitsa kwalayen, ka ɗauka yadda hannunka ya kai, na'ura ta yi ta ba su lamba. Yanzu dubbai ne a jere, ba suna, ba labule, sai lamba. Neman Inna a ciki sai an buɗe su ɗaya-ɗaya, kuma a halin da akwatin yake, kowane hoto sai ya yi ta nishi kafin ya fito.

Ga hukuncin da na yanke, ba shawara nake nema ba. Na rufe shagon, ba ɗaukar sabon hoto, ba gyaran tsoho, don kada a ƙara wa akwatin kaya. Amma za a kwashe. Za a fara da aikin mutanen da suka ba mu amana ba mu kai ga miƙa musu ba, na 'yan makarantar da suka gama da na masu jego da sauransu. In an gama, Auta ta kama tsofaffin daga lamba ta farko ta yi sama, iya inda Allah ya nufa. Na san hakan zai ja gyaran ya ƙara tsawo. Na auna, na zaɓa. Ta roƙe ni a fara da namu, na ce a'a. Wanda ya zauna a gaban kyamarar babanku bai zauna don mu fifita kanmu a kansa ba.

Babanku ya ji ba a fita shago, ya tambaya. Ban yi masa ƙarya ba, na ce ana gyaran na'ura. Ya ce wace? Na ce wadda ɗanka ya kawo. Ya ce, "To ku bi ta a hankali, ita ma injiniya ce, ba ta son a tambaye ta yaushe za ta gama."

Ka yi mana addu'a, kuma ka kira ƙanwarka ka ba ta haƙuri. Kai ne babba.

Mahaifiyarka.


Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. An yi wa babanku aikin, an yi nasara, likita ta ce idon dama ya yi kyau. Yana gida da bandeji, yana ta ba ni umarni kamar shi ya yi wa likitar aiki. Alhamdu lillahi.

Ɗayan labarin ka riga ka ji daga Auta, amma cikin kuka ta faɗa maka, ni zan faɗa maka a zaune.

Da hantsi ne. Na dawo daga kai masa magani na shiga ɗakin baya, na zauna a kujerar da na saba zama kwanakin nan, kusa da fankar da muka juya tana hura akwatin. Layin ya wuce kashi biyu cikin uku. Har na fara sakin jiki, ina tunanin abin da zan dafa. Sai na ji wani ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a gefen kofi. Auta ta ɗago kai daga kwamfuta. Fitila ta biyu ta yi ruwan ɗorawa, ta ɗan yi ƙyafta-ƙyafta, ta koma ja. Layin ya tsaya. Hoton da ke kan hanyar kwafuwa ya tsaya a rabi, wani yaro ne da hular makaranta, daga hanci zuwa ƙasa babu.

Na kashe fankar, don ban ga amfanin ta ba kuma.

Ga abin da ke hannunmu. Aikin mutane na yanzu ya fita duka, ba wanda zai zo ƙofar shagon nan mu sunkuyar da kai. Tsofaffin kuwa, abin da ya fita bai kai rabi ba. Ko Inna tana ciki, ba mu sani ba tukuna. Auta ta fara dubawa, idonta ya kumbura, na ce ta bari.

Na ji ka ce mata da ba a kwashe ba, wataƙila da gyaran ya riga faifan ƙarewa. Wataƙila. Wataƙila kuma da ya mutu duk da haka, mu tashi hannu wofi. Kai da kanka ka rubuta mini cewa ba wanda ya isa ya san wannan. Saboda haka kada in sake jin ka ɗora wa yarinyar nan. Ni na ba da umarni, in akwai mai amsa tambaya ni ce. Kai kuma kada ka zauna can kana cin kanka, matarka ta ce ba ka cin abinci. Rashin cin abincinka ba zai kunna fitila ko ɗaya ba. Ka nemi izini a wurin aiki ka zo. Ka ce akwai masu buɗe matattun faya-fayai su gwada sa'a, to ka zo ka ɗauka ka kai musu da hannunka. Ba zan yi wa babanku alkawari da su ba.

Da an cire bandejin zan gaya masa da bakina. Ba a waya zai ji ba, kuma ba daga yara ba.

Allah ya sa mu dace.

Mahaifiyarka.


Zuwa ga ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji ka samu izinin kuma kana hanya ƙarshen mako. Madalla. Na gyara maka ɗakinka. Amma akwai abin da nake so ka sani kafin ka iso, don kada ka shigo da fuskar ta'aziyya ka ɓata mana abin da muka samu.

An cire bandejin. Abin da ya fara cewa shi ne ashe bangon falo kore ne, shi duk shekarun nan yana zaton toka-toka muka shafa. Ya dube ni ya ce na tsufa ba da izininsa ba. Na bar shi ya gama murnarsa, ya ci abinci, ya yi salla. Sannan na zauna a gabansa na faɗa masa komai, tun daga tsiwar akwatin har zaɓin da na yi. Ban rage ba, ban kuma ɗora wa kowa ba.

Yana ta murza bakin rigarsa. Da ya buɗe baki tambaya ɗaya ya yi, "Na mutane sun fita?" Na ce sun fita. Ya gyaɗa kai. Sai ya ce a kai shi shago.

Likita ta hana shi kallon haske da yawa, saboda haka kaɗan-kaɗan muke yi, da safe, da baƙin tabarau a aljihunsa. Auta tana buɗewa, shi yana faɗin labule. "Shuɗi. Matakala. Shuɗi. Wannan telan bakin kasuwa ne, ya rasu. Wannan ta auri direba." Auta tana rarraba su gida-gida yadda yake faɗa. Mutanen da na manta da su a duniya suka yi ta wucewa ta gabanmu. Haka muka bi su har na ƙarshe.

Inna ba ta ciki, Injiniya. Gara ka ji daga gare ni. Fuskar kakarka ta tafi, sai in masu buɗe faya-fayan nan sun yi abin mamaki.

Da muka kai ƙarshe na zaci zai tashi. Sai ya ce wa Auta ta koma baya, gidan labule mai furanni, hotunan jarirai. Ta buɗe ɗaya, wani jariri mai kumatu zaune a kan kujera, ɗan wasu mutane da ba mu ma san inda suke ba yanzu. Ya ce ta ƙara girman gefen hagu, wajen ƙugun yaron. Sai ga hannu ya fito daga bayan labulen yana tallafe da shi, yatsu huɗu, ƙaramin a lanƙwashe, da siririn zobe.

Ashe a farkon buɗe shagon, kafin ya iya ɗaukar mataimaki, Inna ce ke zuwa ta durƙusa a bayan labule tana riƙe masa jarirai don kada su kife. Ni ban taɓa sani ba, kafin zuwana ne. Ya ce kullum faɗa suke yi, yana ce mata, "Inna, hannunki yana fitowa," ita kuma tana ce masa, "To ka zo ka riƙe, ni in ɗauka." Ƙaramin yatsan kuwa, ƙofa ce ta taɓa datse mata shi, bai sake miƙewa ba.

Muka bi jariran nan ɗaya bayan ɗaya. Hannun yana cikin da yawansu, wani wuri a kafaɗa, wani wuri a ƙafa, wani wuri yatsa biyu kawai. A ɗaya har gefen zanenta ya leƙo ta ƙasan labule. Babanku ya sa yatsansa a kan gilashin kwamfutar, a kan nata, ya bar shi a nan. Ni da Auta muka fita waje muka ba shi wuri.

Ba zan ce maka daidai yake da fuskarta ba. Ba daidai ba ne, shi ma bai ce haka ba. Da daɗewa bayan mun dawo gida na ga ya rufe sabon idon nasa yana zaune, na san abin da yake ƙoƙarin gani. Wannan rashi ne, kuma za mu ɗauke shi a matsayin rashi. Auta ta wanke masa hoton jaririn mai kumatu a takarda babba, yana jingine a kan teburinsa. Baƙi suna tambaya jikan wa ne, yana ce musu ba yaron ake kallo ba.

In ka zo ba zan yi maka faɗa a gaban matarka ko ƙanwarka ba, wanda na yi a takarda ya isa. Babanku ma ya ce in gaya maka, ba don kai ba da ruwa ya cinye duka tun tuni. Ka riƙe wannan, gaskiya ce. Ka gaishe da matarka, ka shafa mini kan yaran, Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce mahaifiyarka, kuma ga dokar da na kafa, na riga na faɗa wa babanku da Auta, saura kai. In ka tashi sake kafa akwatin nan, faya-fayai ba za su wuce huɗu a gida ɗaya ba, ko da wurin zai ragu. Abin da babu irinsa ba zai kwana a wuri ɗaya ba, sai an wanke shi a takarda an kai gidan kowannenku. Kuma daga yau, duk wanda zai ƙara wani abu a gidan nan, kada ya fara gaya mini yawan abin da zai ɗauka. Ya fara gaya mini, in ya lalace, tsawon lokacin da za mu zauna ba kariya kafin ya warke. In ba shi da amsa, ya mayar da shi inda ya samo.